Yatsa Ɗaya a Goshi

A asibiti Malam yana tashi daga kujera da kansa. A gida kuwa, ko za a wuni ana roƙonsa, ba ya iyawa. Wannan magana ce ta hana Sista sukuni tun da aka sallamo mijinta, bayan ciwon ɓarin jiki ya taɓa masa hannu da ƙafa na dama, ya kuma kwashe fiye da rabin maganarsa.

Sista ba sunanta ba ne, aikinta ne ya biyo ta har gida. Ungozoma ce, a ɗakin haihuwa furfura ta same ta, kuma rabin unguwar a hannunta suka faɗo duniya. Shi ma Malam sunansa na yanka ya ɓace a makarantar sakandare, inda ya ƙare ƙuruciyarsa yana koya wa yara ilimin motsi da ƙarfi: abin da ke sa dutse faɗowa ƙasa, da abin da ke sa fasinja ya kifa gaba in direba ya taka birki. Mutum ne mai surutu kamar rediyo. A da, in ta ce ya tura mata kabad ta share bayansa, sai ya tsaya ya yi mata bayanin dalilin da ya sa farkon turi ya fi wuya, har sai ta gaji ta tura abinta da kanta. Yanzu kalmomi kaɗan suka rage masa, kowace kuma sai ya yi ta fama kafin ta fito, kamar ana zare tsohuwar ƙusa daga katako.

Ranar da za a sallame shi, yarinyar da ke masa gashin ƙashi ta ce, “Mama, ki shigo in nuna miki yadda ake tayar da shi.”

Sista ta dube ta daga sama har ƙasa. “’Yar nan, tun ba a haife ki ba nake ɗaga marasa lafiya. Wataƙila ma ni na yanke miki cibi.”

Yarinyar ta yi dariya, ta ƙyale ta. Tun daga nan, duk ranar zuwa asibiti, Sista kan zauna a benci a waje da jakarta a cinya. In aka turo Malam sai yarinyar ta ce, “Yau ma Baba ya tashi da kansa, ya yi ƙoƙari sosai.” Sista ta ce madalla, zuciyarta kuwa tana tafasa.

Don a gida ga yadda abin yake. Ta saya masa kujera mafi laushi a kanti, irin wadda mutum ke nutsewa a ciki, ta ajiye masa a bakin taga kusa da gado. In lokacin zagawa ya yi, sai ta tsaya dab da shi, gwiwarta na taɓa tasa, hannunta ɗaya a hammatarsa, tafin ɗayan a ƙirjinsa don kada ya kifa. Sai ta ce, “Bismillah, Malam.” Ya yunƙura, jijiyoyin wuyansa su tashi, ya ɗaga kamar taƙi guda, ya koma ya zube. Wani lokaci yakan ture hannunta da na hagunsa, yana cewa, “A’a... ba... ba...” maganar ta maƙale. Ita kuwa ta saba da masu naƙuda da ke ture ta suna zagi, don haka sai ta mayar da hannun inda yake, ta ce, “Na sani, tsoro kake ji. Ina nan, ba za ka faɗi ba.” Daga ƙarshe ta rungume shi ta ciccibe shi da ƙarfin tsiya, bayanta ya biya.

Masu zuwa dubiya kowa da tasa fassarar. Wani ya ce mutuwar zuciya ce. Wata ta ce shagwaɓa ce, maza in sun ga mai lallashi ba sa warkewa. Ƙanwar Malam, wadda yara ke kira Gwaggo, ta ce, “Ke ma dai, Yaya! Can yarinya ce ɗanya sharaf take ce masa tashi, nan kuwa ke ce. Ko ni ce shi ai sai na zaɓa.” Aka kwashe da dariya, har Malam bakinsa ya karkace. Mutane suna son ɗora laifi a kan zuciya, saboda zuciya ba a ganinta, ba mai iya ƙaryata su. Babu wanda ya ce a tashe shi a gabansa ya ga yadda ake yi.

Babban ɗansu, wanda tun yana yaro ake ce masa Lauya saboda gardama, har kuma ya girma ya zama lauyan gaske, ya zo wata ranar hutu bai yi sallama da ƙarfi ba. Ya tarar da uwarsa tana fitowa daga kicin a sunkuye, tana dafa bango.

“Umma, mene ne haka?”

“Tsintsiya nake nema.”

“A jikin bango?”

Ya wuce ya gaida ubansa, ya zauna, ya haɗa yatsunsa yadda yake yi in zai kashe magana. Ya ce an gyara ɗakin baya a gidansa. Akwai maza biyu majiya ƙarfi da za su riƙa ɗaga Baba, su yi masa wanka. Ita kuma ta huta. Wannan gidan a rufe shi, ko a sa haya.

“Wa ya ce maka na gaji?”

“Bayanki ya ce. Umma, in kika kwanta ke ma fa? Mutum biyu za mu riƙa ɗagawa? Ai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.”

“A asibiti yana tashi.”

“To ai ba a asibiti yake kwana ba. Da a ce yana tashi a nan, ya kai kansa kan kujerar turawa, wallahi ba zan ce uffan ba. Amma ba ya tashi. Ƙarshen wata zan zo da mota.”

Abin haushin shi ne yaron yana da gaskiya, matarsa kuma mutuniyar kirki ce, balle a samu wanda za a ji haushinsa. Sista ta san ɗakin bayan nan. Akwai sanyin na’ura, akwai labule mai nauyi, tagar kuma katanga take kallo. Nan kuwa tagarsu titi take kallo. Mai walda na tsallaken hanya ɗalibin Malam ne, kullum da safe sai ya ɗaga gilashin fuskarsa ya yi ihu, “Malam, an tashi lafiya?” Malam ya ɗaga masa hannun hagu. Kuma ta san mijinta. Mutumin da ko a gabanta bai cika cire riga da rana ba, shi za a miƙa wa ƙattin da bai sani ba su tuɓe shi.

Da Lauya ya tafi, ta yi abin da rabonta da yi tun kwanciyar Malam: ta zauna da rana tsaka ba aikin komai a hannunta. A bakin gado ta zauna, gadon katako ne mai allo har ƙasa, dab da kujerarsa. Ba ta yi kuka ba. Ta dai zuba wa tabarmar ƙasa ido.

Sai ta ji ya taɓa gwiwarta.

“Sis...ta.”

“Ruwa?”

Ya girgiza kai. Ya nuna hannayenta, sannan ya ɗora nasa hannun a ƙirji, yana nuna mata ta harɗe su.

“Malam, ba ni da ƙarfin wasa yau.”

Ya sake nunawa, ya haɗe gira irin haɗewar da ke sa aji ya yi tsit. Ta harɗe hannuwan don a zauna lafiya. Ya nuna ta miƙe bayanta. Ta miƙe, tana cije leɓe. Sai ya miƙo hannun hagu, ya ɗora yatsa ɗaya a tsakiyar goshinta. Bai danna ba. Ajiye shi kawai ya yi, kamar mai taɓa burodi ya ji ko da laushi.

“Tashi,” in ji shi. Kalmar ta fito sumul.

Ta yi tsaki, ta yunƙura. Ba ta tashi ba. Ta ɗauka bayanta ne, ta sake yunƙurawa da gaske. Cinyoyinta suka ɗaure, dugaduganta suka bugi allon gado, amma mazaunanta ko motsi. Duk sanda kanta ya nemi yin gaba sai ya tarar da yatsan nan, ya tsaya.

“Kai, Malam! Wane irin siddabaru ne wannan?”

Kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya yake yi, irin wadda ba ta da sauti, hawaye na bin gefen fuskar da ya saki.

“Cire hannunka, tsoho kawai! Da ƙarfinka ashe?”

“Ba... ƙarfi.”

Ya janye yatsan. Ta tashi tsaye ba wahala, don ta nuna masa ta iya. Ya nuna ta koma, ta sake. Ta koma ta zauna, ta sake tashi, a hankali wannan karon, tana lura da jikinta kamar baƙon abu. Sai ta ga abin da take yi tun tana ’yar shekara biyu ba ta taɓa sani ba. Kafin ta ɗaga ko kaɗan, kanta da ƙirjinta sukan yi gaba sosai, har hancinta ya wuce yatsun ƙafarta, kamar mai shirin kifawa. Sai a lokacin ƙafafun ke karɓar ta.

Malam ya ɗaga yatsansa sama, ya sauke shi a miƙe zuwa ƙasa. “Nauyi,” ya ce. Ya nuna cibiyarsa, ya sauke yatsan, ya sauka a kan kujera. Ya nuna ƙafafunsa can gaba, ya girgiza kai. Ta gane. Ta sha jin wannan karatu a kan tebur, lokacin da take saurarensa da rabin kunne: nauyin mutum ƙasa yake nema a miƙe, kamar igiyar magini mai dutse a baki, kuma ƙafa ba ta ɗaukar nauyin da ba a kanta ya sauka ba. Muddin igiyar nan a kan kujera take sauka, ko ɗan dambe ne ba zai tashi ba.

Sai ya kama hannunta na dama, ya buɗe tafin, ya ɗora a ƙirjinsa, daidai inda take ɗorawa kullum. Ya riƙe shi a nan, yana kallonta.

Sista ta dubi hannun nata. Tana jin bugun zuciyarsa a tafinta. Shekara da shekaru aikinta ke nan, ta tsaya a gaba, ta tara hannu, don kada abin da ke tahowa ya taɓa ƙasa. Ba a taɓa ce mata ta yi laifi ba.

“Ni ce ashe,” ta ce a hankali. “Duk kwanakin nan. Ni nake zaunar da kai.”

Ya ɗaga hannun nata daga ƙirjinsa, ya kai kumatunsa, ya ajiye a can.

“To me ya hana ka faɗa min?” Ta ji abin da ta ce, ta rufe baki. Ya ɗaga gira ɗaya. Suka yi dariya tare, tata da hawaye a ciki.

“Kuma ke... ba... zama,” ya ƙarasa da ƙyar.

“E, ba na zama. Da na zauna wa zai yi maka wanki?”

Washegari da safe ta ja kujerar laushin nan zuwa falo, tana turawa tana ce mata munafuka. Ta kawo ta katako daga teburin cin abinci, mai tsayi, wadda ƙafa ke iya shiga ƙarƙashinta. Ranar asibiti kuma ba ta zauna a benci ba. Ta ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin gashi, ta ce, “’Yar nan, abin nan da kika ce za ki nuna min.” Yarinyar tana da tarbiyya, ba ta tuna mata zancen cibi ba. Ta nuna mata inda ake tsayawa: a gefe, ɓangaren da ya shanye, hannu a bayan ƙugunsa, gabansa kuma a bar shi fili.

A bar shi fili, nan wuyar take. A gida, in Malam ya matso bakin kujera, ya ja ƙafafunsa baya, ya fara sunkuyawa, Sista takan ga goshinsa na nufar siminti, sai hannunta ya tafi da kansa. Ya tsaya ya harare ta. Ta ce, “Yi haƙuri, ba ni ba ce, hannun ne.” Sai ta koma riƙe gefen zanenta da shi, ta damƙe har yatsun su yi fari. Shi ma ba wai ba ya tsoro ba ne. Ta ga yadda yake haɗiye yawu kafin ya saki kansa gaba. Ya san lissafin sarai, amma sanin lissafi daban, miƙa fuskarka ga ƙasa da rabin jiki daban.

Wata safiya ya wuce gona da iri, ya tafi gaba ya sauka a kan gwiwa, kafaɗarsa ta bugi gado. Sai da ta leƙa taga ta kira mai walda ya zo suka ɗaga shi. Ranar ta ce an daina, gara ɗakin baya da karaya. Malam bai yi gardama ba. Da la’asar sai ta ji ƙarar kujera, ta leƙo, ta gan shi ya matso baki ya ja ƙafa, yana jiranta. Ta ajiye ludayi ta zo ta tsaya a gefensa.

Lauya ya cika alkawari. Ya zo da mota da kwalaye a naɗe, da igiyar ɗaure kaya. Ya tarar da uwarsa ba ta haɗa ko cokali ba.

“Umma, mun yi magana fa.”

“Mun yi. Shigo ka gaida babanka.”

Ya shiga, ya durƙusa ya gaishe shi, ya dubi kujerar katakon. “Ina mai laushin? Wannan ai sai ta ƙara masa ciwo.”

“Matsa can bakin ƙofa,” in ji Sista. “Ka tsare masa hanya.”

“Hanyar ina?”

“Ka ji ni ko ba ka ji ba?”

Ya koma bakin ƙofa. Malam ya dafa kujera da hannun hagu, ya ja jiki zuwa baki. Ya ja ƙafar hagu baya, ya sa ta ta jawo ta dama. Ya haɗiye yawu. Sai ya sunkuya, ya yi ta tafiya gaba, hularsa ta zame ta faɗi ƙasa.

“Baba!” Lauya ya zabura da hannu biyu a tare.

Sista ta miƙa hannun da ta saba damƙe zane da shi, ta tokare ƙirjin ɗanta. “Kul! Bar shi.”

“Zai faɗi!”

“Na ce bar shi.”

Mazaunan Malam suka rabu da kujera. Ya tsaya a lanƙwashe, yana rawa, tsakanin zama da faɗuwa. Sai gwiwar hagu ta miƙe, ta dama ta biyo ta a makare, bayan ya bi. Ya tsaya. Ya kama sandar ƙarfen taga. Lauya ya manta ubansa ya fi shi tsawo, sai da ya ɗaga kai.

Daga tsallaken titi aka ji ihu. “Malam a tsaye! Kai, jama’a, Malam a tsaye!” Ƙarar walda ta ɗauke.

Lauya ya share fuska da hannun riga, ya yi gyaran murya, lauyan ya dawo. “To, alhamdu lillahi. Amma tsayuwa ba tafiya ba ce, Umma.”

“Cewa ka yi in yana tashi ba za ka ce uffan ba. Ga shi kana ta cewa.”

“Wanka fa? Banɗakin nan santsi gare shi.”

“Sai ka sa mana ƙarfen dafawa, ga mai walda nan.”

“Da mai zuwa da safe ya taimaka.”

“Ba na son baƙo a ɗakina.”

“Umma, bayanki.”

“Bayana ne ko naka?”

“Sai dai ya riƙa share gida da wanki, ya kai ku asibiti. Wankan ke za ki yi, na yarda. Amma mutum zai zo.”

Ta buɗe baki za ta mayar, sai ta ji hannunta na hagu, wanda ke bayan ƙugun Malam, yana karkarwa. Ba ita ke rawa ba. Gumi ya jiƙe masa riga, ƙafar dama tana kaɗawa kamar ta mai taka keken ɗinki.

“Malam, zauna mana, ya isa. Ya gani.”

Malam ya ƙi. Idonsa na kan ɗansa.

“Baba, don Allah ka zauna.”

“Ka... ce.”

“In ce me?”

Malam ya ƙara damƙe ƙarfen taga. Jijiyar wuyansa ta tashi, leɓensa yana neman kalmar. “Gida,” ya ce.

Lauya ya dubi uwarsa. Ta ɗauke kai, ta bar shi da ubansa.

“Na ce, Baba. Ba inda za ku. Kuna gidanku.”

Sai a sannan Malam ya sunkuya, ya miƙa hannu baya ya lalubo kujera, ya sauka a hankali har ya kusa, ƙarshen kuma ya zube da ƙara. Ya rufe ido yana haki. Sista ta tsugunna da dabara, ta ɗauko hular, ta kaɗe, ta ɗora masa a karkace.

“Mai wankin,” ta ce wa ɗanta ba ta juyo ba, “ya zo da hantsi. Ba na son a buga min ƙofa da sassafe. Ka kwashe kwalayen nan kuma daga hanya, kafin wani ya yi tuntuɓe.”